Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Binciken Asali

A makon jiya na tsaya a kan zuwan magabatan yaron da ke neman auren 'yata ta biyu. Bayan tafiyarsu na tura ƙanena ya binciko asalinsa kamar yadda aka saba, ya dawo ya ce yaron ba shi da aibi a hali ko sana'a, sai dai kakan mahaifinsa bawa ne a wani rinji, wato ƙauyen bayi manoma, kusa da Fanisau a ƙasar Kano. Nan take na ce a ba su haƙuri, kuma ban ji na yi laifi ba, domin tun ina yaro nake jin kakarmu tana rarrabe mutanen unguwa, wannan ɗa ne, wancan bacucane ne, wato wanda bayi suka haifa, har na ɗauka haka duniya take.

Da labari ya kai wa baffana, tsohon malamin makaranta, sai ya aiko a kira ni. Bai yi mini faɗa ba, tarihi ya ɗauko. Ya ce dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, amma waɗanda suke hannu ba a sake su ba, kuma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan bayi da yawa sun yi shekaru suna biyan murgu, wato kuɗin da bawa yake ba ubangidansa don ya bar shi ya yi aikin kansa, suna tara kuɗin fansa da guminsu, kafin alƙali ya tabbatar musu da 'yanci. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, gandun da gidanmu yake taƙama da shi, su wa kake tsammani suka nome shi?"

Na rasa amsa. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne ranar da wani mai kanti a Makka ya kira ni bawa saboda launin fatata, na kwana uku ina cin rai, na dawo gida ina ba kowa labarin wulaƙancin. Ga shi ni ma na auna yaro da wannan ma'auni, alhali shi da ni launinmu ɗaya.

Duk da haka ban janye maganata a ranar ba, girman kai ya hana ni. Sai da mahaifiyar yarinyar ta sa baki, kuma daga nan zan ɗora a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.