Kwaɗo a Hannu, Ƙofa a Buɗe

Ranar Laraba, 18 ga Mayu, 2016, ina idar da sallar asuba na ɗauki sarƙa da kwaɗo na nufi sakatariyar ƙaramar hukumarmu. Ni ne sakataren reshen ƙungiyarmu a lokacin. Umarni ya zo daga uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, cewa a shiga yajin aiki, a rufe ko'ina har sai gwamnati ta janye ƙarin kuɗin man fetur da ta yi, daga naira 86.50 zuwa 145.

Da ƙarfin gwiwa na fita, domin da ni aka yi na Janairun 2012. A wancan karon NLC da TUC, ƙungiyar manyan ma'aikata, bakinsu ɗaya, kasuwa ta rufe, banki ya rufe, har gwamnatin Jonathan ta sauko da lita daga 141 zuwa 97. Na ɗauka haka za a maimaita.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne gidan ya riga ya rabu. Taron zaɓen NLC na Fabrairun 2015 a Abuja da hargitsi ya watse. Da aka sake a watan Maris, Ayuba Wabba na ƙungiyar ma'aikatan lafiya ya yi nasara, ɓangaren Joe Ajaero na ma'aikatan wutar lantarki ya ƙi yarda, ya koma Legas ya kafa nasa shugabancin. NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur wadda direbobin tankar mai ke ƙarƙashinta, tana tare da Ajaero. Kafin ranar yajin, wannan ɓangare ya zauna da gwamnati ya ce ba ya ciki, TUC ta janye, kotun ma'aikata kuma ta ba da umarnin a dakata.

Ƙarfe bakwai da rabi muna mu bakwai a bakin ƙofa. Baba masinja, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ya iso da rediyonsa a kunne. Ya jingine kekensa ya dube ni.

"Ɗana, wace NLC ɗin ce ta ce a zauna a gida? Na ji ɗaya ta ce a tafi yaji, ɗaya ta ce a zo aiki."

Na ce, "Baba, tamu ce ta gaskiya."

Bai yi mini musu ba. Kai kawai ya juya wajen titi, inda tanka biyu ke wucewa ɗauke da mai, sannan ya kalli ƙwan lantarkin ɗakin mai gadi da ke ci. Na fahimci abin da yake nufi. Yajin da mai ke zuwa gidan mai, wuta kuma ba ta ɗauke ba, gwamnati ba za ta ji shi a jikinta ba.

Siyasa ma ta shigo. Shekara ɗaya ke nan da hawan Buhari, mutanenmu ba sa son jin an taɓa shi. Wata Hajiya daga sashen kuɗi ta ce mini, "Kwamared, ku bar Baba Buhari ya yi aiki, ko 'yan ƙwadagon ma ai ba duka suka yarda da ku ba." Rabuwar can sama ita ta ba ta wannan amsa, ni kuma ba ni da abin mayarwa. Da shugaban sashen mulki ya fito da rajista ya ajiye a kan teburi, mutane suka bi ta ƙaramar ƙofa ɗaya bayan ɗaya suna sa hannu. Ranar Lahadi, 22 ga wata, aka janye yajin, lita tana nan a 145.

Kuskuren da ya fi damuna nawa ne. Fiye da shekara ina ɓoye wa mambobi rikicin, duk wanda ya tambaya sai in ce rigimar manya ce a Abuja. Ban kira taro ba, ban ƙirga waɗanda ke tare da ni ba, na ɗauki takardar umarni a matsayin yardar jama'a. Tun daga nan ban sake taɓa kwaɗo ba sai an zauna, an faɗi gaskiyar wanda ke ciki da wanda ba ya ciki, an ɗaga hannu na ƙirga. Na kuma koyi zuwa wurin reshen malaman makaranta da na ma'aikatan lafiya tun kafin rana ta zo, don mu san ƙarfinmu a garinmu ko da sama ba a shirya ba.

Mu bakwai ɗin duk an ba mu takardar neman ba'asi. Da muka koma teburi kan bashin ƙarin girma, tambayar farko da aka yi mana ita ce da sunan wane ɓangare muka zo. Ƙaramin cikinmu, yaro mai shekara biyu a aiki, aka tura shi wani ƙauye can bakin iyaka.

Ɓangaren Ajaero ya zama ƙungiya mai zaman kanta, ULC, a Disambar 2016, ya dawo cikin NLC a 2020, a Fabrairun 2023 kuma Ajaero ya karɓi shugabanci daga hannun Wabba. Lokacin da aka sanar da sulhun na hau babur na je ƙauyen nan da kaina, na roƙi yaron ya dawo taron reshe. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Yaya, su sun shirya. Ni har yanzu ina nan inda aka kawo ni."