Daga Yawuri zuwa Wara da tsohon inji

Da hantsi muka tashi daga bakin ruwan Yawuri, mun nufi Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski. Jirgin katako ne dogo, shaƙe da buhunan albasa, mu fasinjoji zaune a kansu. A baya kuma ga inji mai doki 40, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, an ɗaure murfinsa da roba. Direban dattijo ne Basarke, ba mai yawan magana ba.

Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, Kwara ta wannan yanki ta koma tafki, ta haɗiye tsohuwar Busa da gonaki da itatuwa. Kututturan da ke ɓoye a ruwa su ne abin tsoro, shi ya sa direba ke son injin da zai amsa nan take in ya hango ɗaya.

Namu kuwa bai mutu ba, muryarsa ce ta riƙa sauka kaɗan-kaɗan. Kumfar bayanmu ta ragu, hancin jirgin da ke ɗage ya kwanta, har wani jirgi da muka baro a tasha ya zo ya wuce mu.

"Baba, lafiya dai?" na tambaya.

"Yunwa yake ji, ɗana. Ko ba ya samun abinci, ko yana samu ba ya iya ci."

Bai kashe shi ba tukuna. Ya fara kwance ɗan kusan da ke kan murfin tanki, inda iska ke shiga, domin in ya toshe mai ba ya gangarowa. A buɗe yake. Ya sa yaronsa ya matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo, wai in injin ya farfaɗo to famfon mai ne ya gaji, ko tiyon na shan iska. Shiru. Ya tara hannu a ɗan ruwan da injin ke tsartarwa ta baya, abin da suke kira fitsari: yana fita da ƙarfi, ɗumi-ɗumi, ke nan ba zafi ya yi ba. Sai a lokacin ya kashe, ya ɗaga ƙafar injin. Zaren kalli, ragar masunta, ya nannaɗe bayan farfela, haɗe da saiwar kainuwa. Yana yanka da wuƙa yana yi mini bayani: in farfela ce ke zamewa a kan robarta, inji ihu zai yi jirgi ya ƙi tafiya, in murya ta sauka, to nauyi ne, ko mai, ko wuta.

Tsarin nan nasa ya burge ni. Duk abin da ba ya cin ko kwabo shi ya fara dubawa, kafin ya taɓa sifana. Na san kanikawan birni da ke farawa da sauke inji.

Da ya cire filogi biyun injin, na sama launin ruwan ƙasa ne, a bushe, na ƙasa baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Ya sa wani da ke naɗe a leda. Muka ɗan samu gudu, wata hajiya har ta yi hamdala, ba a jima ba muryar ta sake faɗuwa.

A wata tungar masunta muka tsaya. Ya kwance kusan gindin kafireta, ya tari man a gorar roba, ya ɗaga ta a rana. Ga ruwa nan kwance a ƙasa, fetur na samansa, da ɗigo-ɗigon tsatsa. Man jarka ne, wanda ya kwana a bakin ruwa. Ya fito da jet ɗin, ɗan jan ƙarfe mai ƙaramar huda da mai ke bi, rabinta a toshe. Yaron ya miƙo waya zai zura, dattijon ya buge hannunsa.

"Kai! In ka faɗaɗa ta, kai za ka riƙa sayen man?"

Da baki ya hure ta. Suka tace man da ƙyalle a wata jarka, suka zubar da na gindi.

Injin ya tashi, amma ko ni na ji bai kai yadda ya kamata ba. La'asar sakaliya muka shiga Wara. Kanikan da ke rumfar bakin ruwa ya cire filogi biyun, ya toshe kowane rami da babban yatsa, yaro na jan igiya. Na sama ya ture yatsan da ƙarfi, na ƙasa da ƙyar. Ringin fistin ɗin ƙasa ya cinye, in ji shi, kuma ba yau ya fara ba. Shi ya sa filogin ƙasa ke jiƙewa, ruwan da ke cikin man ƙari ne kawai.

Dattijon ya ce gyaran sai bayan kakar albasa. Kanikan ya ce kafin nan fistin ma ya tafi. Na baro su suna ciniki, na hau gangare neman inda zan yi salla.