Tsohon icce ba ya son gaggawa

"Malam, gundule shi duka, ganyen ya ishe mu." Maganar da na fi ji ke nan idan an kira mu aikin rage rassan icce. Mu huɗu ne, ni da ƙanena da yara biyu masu hawa, kayanmu zarto, igiya, tsani da gatari. Gatarin ma sai reshe ya sauko ƙasa yake aiki.

Bedi matashi zai jure gundulewa, ya sake tofo. Tsoho kuwa ganyensa ne abincinsa. Ka kwashe shi lokaci guda, ka sa shi yunwa, ruwa ya kwanta a bakin saran, ruɓa ta shiga, gara ta biyo baya. Shi ya sa ba ma cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a shekara, kuma da busasshe muke farawa, sai wanda kauci ya kama.

Akwai wata tsamiya a unguwar Bagalam, nan Maradi, da wani babban reshenta ya rinjaya kan ɗakin soro. Na ce wa mai gidan, "Alhaji, a ba mu rani uku." Ya dube ni kamar na zo cin kuɗinsa. Mun rage nauyin daga ƙarshen reshen, kaɗan-kaɗan. Kowane reshe yanka uku ne: a fara daga ƙasa, kamu ɗaya daga jikin iccen, don kada ɓawo ya tsage ya bi gangar, a sauke shi daga sama, can gaba kaɗan, sannan a cire guntun daidai bakin kumburin nan na gindin reshe. Wannan kumburi ba a taɓa shi, shi ke naɗowa ya rufe ciwon. Baƙin mai da mutane ke shafawa kuwa, ɓata hannu ne kawai.

Mangwaron garake na bakin Gulbi sai an gama tsinka muke hawansa. Gawo kuma doka ta kare shi, ba ma ɗora masa zarto sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Manoman ƙauye ba sa wahalar da ni. Tun 1983 da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya fara sassaben zamani (rainon tofon kututture a gona) a jihar nan ta Maradi, sun saba zaɓen tofon da za a bari a kan kututture. Mutanen gari ne sai an yi ta lallashi. Alhajin Bagalam ma sai da ya ga bakin yankan farko ya soma rufewa ya daina tambayata kuɗin gundulewa.