Godiya daga uwar amarya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi biki an tashi lafiya. Amarya tana ɗakinta a Zariya, baƙinmu na nesa kowa ya bugo ya ce ya sauka lafiya. Ni da Alhaji muna godiya ga wanda ya taka, da wanda ya aiko, da wanda uzuri ya riƙe ya bi mu da addu'a. 'Yar fari ce, don haka kar a jira in kama sunanta. Ku ma ba zan jera sunayenku ba, kowa zai gane kansa.

Zan fara da maganar tebura, don ita aka fi tambayata tun ranar walima: wace mai kwalliya muka ɗauko, nawa ta karɓa? Ba mu ɗauko kowa ba. Mun dai je mun tambaya, kuɗin da aka yanka mana na rigunan kujeru da furannin roba da fitilu, na yini ɗaya tal, ya kusa sayen firij. Alhaji ya ji ya yi shiru, can ya ce shi bai ga dalilin zuba kuɗin abin da yarinya za ta yi shekaru tana mora a kan abin da za a naɗe bayan Isha'i ba. Ni kuma na ce ba zan zaunar da surukaina a gaban teburan roba tsirara ba. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 ban san gidan da aka aurar da 'ya ba a yi irin wannan ja-in-ja ba.

Yayata ce ta raba gardamar, ita ce kuma ta farko da zan gode wa. Yaya ta ce mu da muke zaune a Kano, mu ne za mu rasa abin ado? Ta ɗauke ni muka shiga Kantin Kwari muka yanko farin yadi mai sauƙin kuɗi, rabi muka bar shi fari don shimfiɗa, rabi muka kai marinar Ƙofar Mata aka rina mana shi da baba. Dattijon da ya karɓi aikin, Allah ya saka masa, shi ya gargaɗe mu cewa shuni yana zuba, in muka shimfiɗa shi har bakin tebur duk wanda ya ɗora hannun farar shadda ko leshi zai tashi da shaida. Ya ce a ɗauraye sosai, a yanka shi siriri a ratsa tsakiyar tebur kawai, fari ya zauna ta gefe. Haka muka yi. Masu bugu suka buge shi har yana ɗaukar ido, ba a ko sa masa guga ba.

Daga nan sai Kasuwar Kurmi. Faya-fayai masu ja da kore, ƙananan ƙorai masu zane, da ludaya. Kowane tebur aka ajiye masa ƙwarya ɗaya ta dabino da aya, ɗaya ta alkaki da dubulan, aka rufe da faifai. Mutane sun ɗauka ado ne kawai. Gaskiyar magana hunturu ne, a fili muka yi taron, ƙura ba ta barin abinci a buɗe, kuma nauyin ƙoran ne ya hana iska ɗage yadin. Bayan an tashi kowace mace ta tafi da faifanta, shi ne abin rabonmu. Ban buga kalanda ko jaka mai hoton ango da amarya ba, don na sha ganin inda irin waɗannan hotuna suke ƙarewa, kuma ba na son fuskar 'yata ta ƙare a can.

Ƙanwar Alhaji, gwaggon amarya, ita ta kawo shawarar da ni ban tuna ba. Ta ce tsofaffinmu ba sa sakewa a kan kujerar roba, ƙafa tana kumbura, ga ciwon gwiwa. Aka ware musu gefe guda a inuwa, aka shimfiɗa tabarmi da darduma, aka jera tumtum, aka kai musu tuwon shinkafa da miyar taushe a akushi. Akusan nan na Hajiya ne, mahaifiyar Alhaji, sun girmi duk 'ya'yanta, kuma ba ta taɓa bari sun fita daga ɗakinta ba sai ranar. Hajiya, na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A wajen nan aka fi daɗewa ana hira, har wasu 'yan matan suka baro teburansu suka koma can.

Maƙwabtana, ban san da bakin da zan gode muku ba. Kuloli, farantai, tire, jug, manyan tukwane, duk daga ɗakunanku suka fito, kowacce ta manna alama a ƙasan kayanta don kar a cakuɗe. Masu suyar waina da sinasir sun hura wuta tun kafin kiran assalatu. Mai zoɓo da mai kunun aya ba su karɓi ko kuɗin sukari ba. Da teburan haya suka iso, wasu ƙafa a karye, ga lokaci ya ƙure, kafintan layinmu ya ajiye aikinsa ya zo da guduma, da aka ba shi na goro ya ce ai 'yarsa ce. 'Yan matan Islamiyyarsu kuwa su suka shimfiɗa, suka jera, suka raba abinci, suka kwashe, ban ji an ɗaga wa baƙo murya ba. Allah ya nuna mana naku, mu ma mu zo mu yi ɗawainiya.

Abu ɗaya Alhaji ya kafe a kai, kuma na ji daɗin da ya kafe. Ya tuna mana hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mafi munin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Saboda haka ba mu sa mai duba kati a ƙofa ba. Almajiran unguwa da masu gadi da direbobin baƙi aka yi musu wurinsu, aka zuba musu daga tukunyar da aka zuba wa kowa, tun da zafinsa, ba ragowa ba. Samarin da suka tsaya a kan wannan, na ga ƙoƙarinku.

Sai maganar kai amarya, wadda ta fi komai hana ni barci. Kun san uwa ba ta bin 'yarta, ƙafata iyakarta soro. Duk abin da zai faru daga nan har Zariya a hannun wasu yake. Tun ana saura kwanaki ƙannena da matan baffanninta suka tafi jere, suka kafa gado, suka ɗaura labule, suka shirya kicin, aminiyata ta Maiduguri ta turare ɗakunan da turaren wutan da ta haɗo da hannunta. Suka dawo suna ba ni labarin inda aka ajiye kaza da kaza, ni da ban ga ɗakin ba har yau.

Mun yanke tun farko cewa ba za a kai ta da daddare ba. Tafiya ce ta babbar hanya, ga hazo, ga manyan motoci. Alhaji ya kira abokan ango ya gaya musu a gabana: mota kaɗan, ba tsere, ba leƙo kai ta taga, ba wasa da mota a mararraba, wanda ba zai iya ba ya zauna. Na zaci za su ji haushi, sai ga shi sun zo da hantsi, a natse, babbansu ma ya durƙusa ya ce in sha Allahu amana ce. Sun cika alkawari. An bugo mini daga Kura, an bugo daga Kwanar Ɗangora, an bugo daga Tashar Yari, kafin Azahar aka ce sun shiga gari. 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku mata na gari.

Kafin a fita an shigar da ita wurin mahaifinta da baffanninta da kawunnai. Ba a yi doguwar lacca ba. Babban baffanta, wanda shi ne waliyyinta, ya yi mata faɗa a kan salla da haƙuri da riƙe sirrin gida, ya kuma ce mata haƙuri ba ya nufin a cuce ta ta yi shiru, ƙofar gidan nan ba a rufe take ba. Wannan kalmar, Baffa, ni ka yi wa. Alhaji ya miƙa mata Alƙur'ani da sallaya, ya buɗe baki zai yi magana ya kasa, sai albarka kawai ya sa mata. Da aka kawo ta wurina Yaya ce ta ɓamɓare ta daga jikina, ta gyara mata lafaya, ta riƙe hannunta har mota. Ita ce kuma ta shigar da ita ɗaki da bisimilla da ƙafar dama, ta danƙa ta a hannun uwar miji.

Surukanmu na Zazzau, mun ga karamci. Tun lokacin lefe kuka ce kar mu wahalar da kanmu da gara. Abin da ya sawwaƙa muka kai, ɗan gero da wake daga Dawanau, taliya da mai daga Singa, da nakiya da alkakin da aka yi a gida, kuka karɓa da hannu bibbiyu kamar an kawo muku duniya. 'Yan rakiya sun dawo suna yaba tarbar da kuka yi musu. An yi buɗar kai a mutunce, sayen baki bai zama ciniki ba, kuka sallame su da wuri suka yi Magariba a Kano. Allah ya bar zumunci, ya ba yaran nan zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki, ya haɗa su a kan alheri.

Masu kaya, kuloli da tire da tukwane duk an wanke suna ɗakin soro, yara za su fara zagayawa da su gobe in Allah ya kai mu. Akwai tire biyu manya da alamarsu ta goge, da wani mayafi ruwan toka da aka tsinta a wajen tsofaffi, da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Mai su ta aiko ko ta yi mini magana.

Uwar amarya