Dakaruna sun gaji da hatsi

Yau da azahar kasuwa ta yi sanyi a shagonmu na Titin Beirut, sai na buɗe kwamfuta na shiga wasan yaƙi na Mount & Blade: Warband. Ina tafe da runduna ta mutum 70 a sahara, kawai saƙo ya faɗo wai mahaya dokina 4 sun sulale sun gudu. Wallahi har ƙirjina sai da ya buga, don makonni na yi ina horar da su. Na duba kayan guzuri, ashe ba komai sai hatsi, ga albashin mako ban cika ba. A wasan nan ba cika ciki kaɗai ake lissafawa ba, kowane irin abinci daban yana ƙara wa soja ƙwarin gwiwa, yawan rundunar kuma yana rage shi. Na karkata zuwa kasuwar birnin Shariz na zubar da dinarai: zuma, man shanu, busasshen nama. Da muka far wa wasu 'yan fashi muka ci su, sai ga zuciyar kowa ta dawo.

Ina cikin murna sai yaron shagona ya ce, "Yallaɓai, yau ma garau-garau zan karɓo mana?" Sai na ji jikina ya yi sanyi. Sati uku ke nan abin da nake saya masa kenan, bai taɓa ko ɓata fuska ba. Na ce ya je ya samo mana gurasa da tsire. Har yanzu ina tunanin murmushin da ya yi kafin ya fita.