Tsakanin Yekini da Osimhen, Ga Inda Na Tsaya

Ni dai har gobe ina kan bakana: Najeriya ba ta taɓa haɗa ƙungiya irin ta 1994 ba. Amma in ana maganar ɗan wasa ɗaya-ɗaya, ba na yarda a raina yaran yanzu. A nan nake saɓawa da tsararrakina na majalisarmu a Tudun Wadar Gusau, waɗanda a wurinsu ƙwallo ta ƙare tun ranar da Rashidi Yekini ya daina taka leda.

Ɗan yayata shi ya fi kowa hura wutar wannan musu. Duk ranar da ya dawo daga gidan kallo sai ya tare ni: "Kawu, don Allah Yekinin nan naku a wace ƙungiya ya buga? Setúbal! Wa ya san ta? Osimhen fa kofi ya ɗauko wa Napoli." Kuma gaskiya ya faɗa. A kakar 2022/23 Victor Osimhen ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya, ya fi kowa, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990, zamanin Maradona. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, duk wanda ya raina shi son zuciya ya sa.

Abin da yaron bai sani ba shi ne hanyar da kowannensu ya bi. Yekini ya buga a Kaduna, ya je Shooting Stars ta Ibadan, ya je Abiola Babes, ya tsallaka Africa Sports ta Abidjan, sai a 1990 ya samu shiga Turai, a Setúbal ta Portugal, shekarunsa sun riga sun haura ashirin da biyar. A lokacin ƙungiyoyin Turai ba su da damar cika fili da baƙi, gurbi ƙalilan aka ba su, kuma ɗan Afirka sai ya yi kokawa da 'yan Brazil da 'yan Ajantina, har da sauran Turawa, a kan gurbin nan. Hukuncin Bosman da kotun Tarayyar Turai ta yanke a 1995 ne ya sa aka daina lissafa 'yan Tarayyar Turai a cikin baƙi, ƙofa ta ƙara buɗewa. Osimhen kuwa yana ɗan shekara 18 ya tafi Wolfsburg, bayan ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015. Da wannan ƙaramar Setúbal ɗin Yekini ya ci ƙwallo 21 a kakar 1993/94, ya zarce 'yan wasan Benfica da Porto da Sporting. Ƙwallo 37 ya ci wa Najeriya.

Sai batun dokoki, wanda masu musu ba su cika kawowa ba. Kafin 1992 ɗan baya yana iya mayar wa gola ƙwallo da ƙafa, golan ya kama da hannu ya kwanta a kanta. Ƙungiyar da ta ci ɗaya tana iya kashe wasa haka nan, ɗan gaba na ta sintiri a banza. Sai a 1998 aka tsananta jan kati a kan ketar da ake yi ta baya. Kafin nan 'yan baya sara suke yi ba sani ba sabo, ku tuna yadda Goikoetxea ya karya wa Maradona idon sawu a 1983. Yau canji biyar ake yi, ga na'urar VAR mai taimaka wa alƙalin wasa da bidiyo, ga fili kamar darduma. To amma yau ɗin ma ba sauƙi: wasa ya ƙara gudu, an yi nazarin kowane motsin ɗan gaba a bidiyo kafin ya shiga fili, kuma takunkumin da Osimhen ke sawa a fuska ba ado ba ne, ƙashin fuskarsa ne ya karye a karawa da Inter a 2021.

Don haka in an ce in zaɓi ɗaya a cikinsu, zuciyata tana wurin Yekini, amma ba zan rantse cewa ya fi Osimhen iya ƙwallo ba. Inda zan rantse shi ne a kan ƙungiya.

A 1994 Gusau tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ba a ma ƙirƙiro Zamfara ba. Wasanmu da Bulgeriya a gasar kofin duniya ta Amurka cikin tsakar dare ya zo mana. A ƙofar gidan wani maƙwabcinmu aka ɗora talabijin a kan tebur, aka jona ta da batirin mota, manya a kan benci, mu yara a kan tabarma. Amokachi ya zura wa Finidi ƙwallo ta gefen dama, Finidi ya shimfiɗo ta gaban raga, Yekini ya taɓa ta kawai. Ya bi ta cikin ragar, ya cusa hannuwansa a zaren yana girgizawa yana kuka. Ihun da aka yi a layinmu ya sa dattawa suka leƙo da tocila suna tambayar ko lafiya. Uku da nema aka tashi, kuma Bulgeriyar nan ta Stoichkov ita ce ta kai wasan kusa da na ƙarshe a wannan gasa.

Wannan ƙwallo tana nuna mutanen da suka san juna. Koci Clemens Westerhof ya karɓi ƙungiyar a 1989. Aljeriya ta lallasa mu 5-1 a wasan farko na kofin Afirka na 1990, ba a kore shi ba, muka kai wasan ƙarshe. A 1992 muka zo na uku. A 1994 a Tunisiya muka doke Zambiya 2-1, Amunike ya ci duka biyun, a watan Afrilun shekarar kuma FIFA ta sa mu na biyar a duniya. Keshi da Uche Okechukwu a baya, Oliseh da Okocha a tsakiya, Rufai a raga. Italiya ce ta fitar da mu a Amurka, ita ma saura minti biyu a tashi Baggio ya farke, alhali an ba Zola jan kati, mun fi su yawa a fili. Har yau wannan wasa yana yi mini ciwo.

Yaran yanzu fa? Osimhen ya zama gwarzon Afirka a 2023, Ademola Lookman a 2024, ga Ahmed Musa da ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Gwanaye ba su ƙare mana ba. Amma tun da aka sallami Gernot Rohr a ƙarshen 2021 ake ta sauya koci, Eguavoen, Peseiro, Finidi, Chelle, kowa da salonsa, 'yan wasa kuma su taru kwana kaɗan kafin wasa su watse. Ranar da Ghana ta hana mu zuwa gasar kofin duniya ta Qatar, a wasan Abuja a Maris ɗin 2022, na zuba wa Osimhen ido yana ta gudu shi kaɗai a gaba, ana ɗaga masa ƙwallo daga nesa ya yi ta kansa. Guda ɗayar da ya jefa a raga, aka ce satar gida ce. Da Finidin 1994 ne a gefen damansa ranar, Oliseh kuma yana raba ƙwallo a tsakiya, ina da yaƙinin da mun je Qatar.