Godiya bayan kare kundin bincikena

Alhamdu lillahi, jiya na kare kundin digirina na biyu, malamai kuma sun amince da shi. Tambaya ɗaya na bi: idan jirgin yaƙi ya lalace a sama, me ke sa matuƙi ya ja mariƙin kujerarsa ta cilla shi waje, me kuma ke riƙe masa hannu? Na gina lissafi a kwamfuta mai kwaikwayon wannan shawara.

Babbar godiyata ga tsofaffin matuƙan sojan sama da suka zauna da ni, suka ce kada a kama sunansu. Kafin haɗuwarmu, lissafina tsayi da gudu da saurin faɗuwa kawai ya sani. Ɗaya daga cikinsu, dattijo mai furfura, ya zauna bakin kujerar roba a ƙofar gidansa, ya miƙe baya, ya kai hannu biyu tsakanin cinyoyinsa, ya nuna mini yadda ake ja. Ya ce jan ba wuya, amincewa cewa jirgi ya tafi ita ce wuyar. Mutum na hango gari a ƙasa, yana tuna kwamitin da zai binciki faɗuwar jirgin, zuciya na ce masa ya sake gwada injin sau ɗaya. Nan daƙiƙun ke ƙarewa, kuma jinkirin nan ya ci matuƙa da yawa alhali kujerarsu lafiya lau take. Kujerar ma ba wasa ba ce, ƙarfin cillawar kan taɓa ƙashin baya. Amma kujerun kamfanin Martin-Baker na Ingila kaɗai sun ceci mutum sama da 7,000 tun 1949.

Ina jinjina wa Flight Laftanar Abayomi Dairo, wanda 'yan bindiga suka harbo jirginsa Alpha Jet a Zamfara ranar 18 ga Yuli, 2021. Ya fice a kan lokaci, ya fake da duhun dare, ya bi hanya da wayarsa har ya isa wurin sojoji. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma labarinsa ne ya sa na ɗauki wannan batu.

Malam mai duba aikina, Allah ya ƙara girma, jan bironka bai tafi a banza ba. Hajiya da Baba, addu'arku ce. Uwargida, sannu da haƙurin darare.

Matuƙanmu da suka rasu a bakin aiki, Allah ya jiƙansu, ya duba bayansu. Na raye kuma Allah ya sauke su lafiya.